Masta Bentsil da 'Yan'uwan Palanquin

A garinmu Edumpo, in ka ji an ce mai lasifika, to Masta Ekow Bentsil ake nufi. Bai taɓa koyar da ko ɗan tsako ba. Mastan shi ya raɗa wa kansa tun yana masinja a ofishin wani lauya a Takoradi, inda ya tsinci Turanci yadda kaza ke tsintar tsaba, da ƙwaya da tsakuwa duk haɗiyewa. Tun da ya dawo gida aka damƙa masa lasifikar fada. Jana'iza, suna, bikin shekara, shi ne a gaba. Kujerarsa na kusa da ta dattawa, kwanonsa ake fara zubawa, kuma ba a buɗe kwalba bai shaida ba. Yana goge lasifikar nan da hankici fiye da yadda yake goge fuskarsa.

Sai ga Ewurabena Amissah ta dawo gari. 'Yar nan ce, amma ta yi aiki a gidan rediyo, muryarta kuwa kamar an tace ta. Samari suka fara gunaguni cewa bana ita ya kamata ta riƙe lasifika ranar biki, tunda an saƙa wa sarki sabon kwandon ɗauka, kuma 'yan gari mazauna Turai za su zo da na'urorin ɗaukar hoto.

Maganar ta kai fada. Bentsil ya saɓa zanensa a kafaɗa, ya fuskanci Okyeame Baidoo, bakin sarki, wanda ta wurinsa kowace magana ke bi.

"Okyeame, ka ji ka isar wa Nana, sarkinmu. Yarinyar da aka yanke wa cibi ina sanarwa, ita za ta karɓe ni? Ku tambaye ta ma ko ta san sunan kwandon nan da Turanci."

"Palanquin, Wofa," in ji Ewurabena, tana kiransa kawu da harshenmu.

Bentsil ya ɗan yi tari. Ya so a ce ba ta sani ba.

"To, sani daban, sarrafawa daban. Ni zan tari Nana da waƙar Turanci wadda kowane layi zai ƙare da amsa-amon wannan kalma. Palankiin! Kowane layi iin, iin, iin, kamar ƙararrawar coci. In na kasa, da hannuna zan miƙa mata lasifika."

Dattawa suka gyaɗa kai, don dattawanmu na son abin da ba su gane ba in dai ya yi ƙara. Amma uwar gari, Nana Otuwa, tsohuwar da ita ta nuna sarkin nan da yatsa kafin a naɗa shi, ta cire asuwaki daga bakinta.

"Okyeame, gaya wa Ekow ba a faɗin magana gaban kujerar kakanni sai mun san abin da aka ce. Ni ban ji Turanci ba. Ina na sani ko zagin ɗana zai yi ana tafi? Duk kalmar da zai ajiye a wutsiyar layi, ya kawo mini abin in gan shi da idona."

"Wannan ai ruwa ne a sha!" in ji Bentsil. "Nana, ko giwa ce zan jawo miki ita da igiya."

A gida ya tarar da matarsa Araba a bakin murhun banda tana juya kifi, hayaƙi ya sa idonta ja. Ya ba ta labari, ya ƙara gishiri.

"Iin kake nema?" ta ce. "Ga sadin nan a kanti. Ga kerosin a kwalba. Ga majarin. Ka ɗora su a faranti ka kai wa tsohuwa, ka dawo ka tsaga mini itace."

"Ji maganar mai banda! In tari sarki da kifin gwangwani? Ewurabena ma ta san waɗannan. Ni kalmomin da zan kawo, sai lauya ya cire tabarau."

"Egya Ekow, wanda ya ce zai haɗiye gatari, riƙe masa ƙota ake yi. Na riƙe."

Ya zaro wayar da ɗansu ya aiko daga Italiya, ya rubuta kalmar, ya nemi masu amsa mata amo. Suka zubo kamar kifin Agusta. Ya tsallake duk wadda ya taɓa ji, ya zaɓi biyar da suka fi cika baki. Bai tsaya duba ma'anarsu ba, don a ganinsa ma'ana aikin yaran makaranta ce. Kafin la'asar ya ɗauki lasifika ya zaga gari, daga bakin teku har tashar mota.

"Jama'ar Edumpo! Ranar biki za ku ga tambourine! Za ku ga submarine! Za ku ga wolverine, da trampoline, da quarantine! Duk Masta Bentsil zai kawo su gaban Nana!"

Nana Otuwa na zaune a ƙofar gidanta. Kowace kalma ta wuce ta kunnenta, sai ta ƙulla ƙulli ɗaya a bakin zanenta.

Sai da ya zauna a rumfar Anti Mansa mai sayar da bammi, masunta sun kewaye shi, wani ya ce, "Masta, mu dai wannan ta biyun, ci ake yi ko sha?" Nan ne ya ga ya kamata ya leƙa ma'anarsu. Ya gyara zama, ya karanta da ƙarfi, don bai iya karatu a zuci ba.

"Ta farko, ƙaramar ganga mai kacau-kacau. Kun gani? Wasa ne. Ta biyu..." Ya matso da wayar kusa da hanci. "Jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku."

Masunta suka ajiye ƙoƙunan bamminsu.

"Da gangan?" in ji Kwamena, ƙanin Araba, wanda ya yi shekaru yana roƙon Allah kada jirginsa ya yi haka.

"Da gangan mana! Ci gaba ke nan. Ta uku, wata dabba mai bala'in faɗa, a ƙasar ƙanƙara take, tana korar kerkeci daga kan nama. Ta huɗu, shimfiɗar da ake tsalle a kai ta cilla mutum sama."

"Ta biyar fa?"

Bentsil ya karanta wannan, karo na farko a rayuwarsa, ba tare da ya buɗe baki ba. Ya kife wayar a cinya.

"Ta biyar sirri ce. Sai ranar."

A ransa ya ce tsohuwar da ke manta inda ta ajiye asuwakinta ba za ta riƙe kalma biyar ba. Huɗu sun isa.

"Masta, ka janye mana," in ji Anti Mansa. "Ka ce lasifika ce ta yi kuskure."

"Ni? Ai bakin da ya yi sanarwa ba ya lashe ta. Duk waɗannan abubuwa na san su tun a Takoradi. Lauyanmu har yana da guda biyu a bayan gida."

"Jirgin ko dabbar?"

"Zuba mini bammi, Mansa."

Gangar ya fara nema, tunda ita ce mai sauƙi. Akwai ta a cocin masu fararen kaya da jar ɗamara, wurin shugabarsu Maame Efuwa. Ta saurare shi ido a lumshe.

"Wannan kayan aikin Ubangiji ne, ɗan'uwa Ekow. Ba ya fita shi kaɗai. Inda ya je, ni da matana muna biye."

"Ku zo mana! Amma sau ɗaya za ki kaɗa, in na ɗaga yatsa."

"In ruhu ya yarda," in ji ta.

Jirgi kuwa, ya samu wani tsohon kwale-kwale da aka yar a bakin gaɓa, awaki na kwana a ciki. Ya rufe samansa da kwanon rufi, ya liƙe da kwalta, ya huda rami ya soka bututun ruwa don numfashi. Rabin gari suka bar aikinsu suka zo kallon gwaji. Ya tsaya a kai da gajeren wando yana jawabi.

"Abin da Bature ya ɓoye mana ke nan! Zan shiga nan, in ɓullo muku a bayan dutsen can."

"Ka bar wa Araba wasiyya?" wata mai tallan dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ta tambaya.

"Ki ajiye mini dokunu biyu da yaji, yanzu zan dawo."

Ya shige ciki, aka tura shi. Jirgin ya yi abin da aka ce yana yi, ya nutse nan take, ko gardama babu. Jama'a suka yi tafi. Bututun ya yi ta tofar da kumfa, sannan ya daina. Tafi ya fara raguwa. Kwamena ne ya ce wa abokansa su kawo taru, suka zagaye wurin, suka ja da waƙar jan kifi. Bentsil ya fito a cikin raga tare da kaguwa biyu da ciyawar teku a ka, yana aman ruwan gishiri.

"Maigida, sannu," in ji Araba. "Rabin aikin dai ya yi kyau. Saura fitowar."

"Gwaji ne!" ya ce tsakanin tari da tari. "Ai an ce a ƙarƙashin ruwa yake tafiya. Wa ya ce muku yana fitowa kullum?"

Aka jawo gawar jirgin aka jingine a filin biki, tana ɗigar ruwa.

Dabbar ƙasar ƙanƙara ta fi ba shi wuya. Ya duba hotonta, ya duba karnukan gari, ya tsaya a kan karen Anti Mansa, wani gajere mai faɗin ƙirji da ake kira Ji-Tsoron-Mutum. Hali dai ya yi daidai, don ko limamin coci ba ya bin layin da yake kwance. Launi ne ya rage. Bentsil ya sayo baƙin man takalmi, ya kwaɓa farar ƙasa don zanen gefe. Ya shafa bayan lafiya. Da ya zo wutsiya, kare ya juyo ya ba shi ra'ayinsa a ɗuwawu.

"Wayyo! Mansa, kama abinki!"

"Ai ba nawa ba ne yanzu. Nawa ja ne. Wannan na ƙasar ƙanƙara ne, yi masa Turanci."

Kwana biyu Bentsil na cin abinci a tsaye, yana gaya wa duk mai tambaya cewa haka manyan mawaƙa ke yi don murya ta buɗe.

Saura shimfiɗar tsalle. Ya lallaɓa Kwamena ya ba shi aron sabon taru, ya bi masu faci ya tattaro tsofaffin robobin cikin taya, ya yanka su dogo-dogo, ya ɗaure tarun da su a jikin bishiyoyin kwakwa huɗu da ke gefen fili, ya ja har tana kuka in an taɓa. Kwamena ya ce a gwada da buhun gari tukuna.

"Gwaji ya ishe ni," in ji Bentsil, yana shafa inda kare ya sa hannu. "Gwajin ne ke jawo baki. Wannan sai ranar."

Ranar ta zo. Tun hantsi ganguna ke tashi, mata sun sha farar ƙasa da duwatsun wuya, 'yan Turai na ta ɗaga wayoyi suna gumi cikin takalman sanyi. Nana Otuwa na zaune a inuwa, Ewurabena a bayanta. Daga nesa aka hango babbar laima tana juyi, a ƙarƙashinta sarki Nana Egyir a cikin sabon kwando bisa kawunan ƙarti huɗu, yana rawa da kafaɗu, ƙafafunsa a miƙe cikin takalman sarauta masu adon zinariya. Kowa a nan ya san ƙafar sarki ba ta taɓa ƙasa tsirara. Ranar da ta taɓa, ranar ya sauka daga kujera.

Ayari ya tsaya a gaban fili. Bentsil ya fito cikin sabon zane, ya hura lasifika sau uku ko da yake tana aiki. Zuciyarsa fara ƙal. Ya ga kansa a wayoyin Italiya da Jamus, ya ga Ewurabena tana komawa rediyonta. Ya fara da Turanci, yana jan wutsiyar kowane layi, kuma abin da ya ce shi ne:

"Ga Nana tafe a cikin palanquin,
Muryarsa ta fi zaƙin tambourine!"

Ya ɗaga yatsa. Maame Efuwa ta kaɗa sau ɗaya. Nana Otuwa ta duba, ta gyaɗa kai, ta kwance ƙulli guda. Sai dai ruhu bai yarda da sau ɗaya ba. Maame Efuwa ta kaɗa na biyu, ta lumshe ido, matanta suka ɗauki waƙa, jar ɗamara ta fara juyi. Bentsil ya sauke yatsa, ya sake ɗagawa, ya kaɗa hannu duka. Ina! Sai ya ƙara murya.

"Zurfin tunaninsa sai submarine!"

Ya nuna kwale-kwalen. Wani bunsuru ya leƙo ta ramin bututu.

"Wannan ba jirgin marigayi Egya Atta ba ne?" in ji tsohuwa. "Tunanin ɗana ke nan, da akuya a ciki? To, na gani." Ta kwance na biyu.

"Fushinsa fushin wolverine!"

Aka jawo Ji-Tsoron-Mutum da igiya, rana ta narkar da man takalmi yana ɗiga, kacau-kacau na huda masa kunne. Tsohuwa ta leƙa.

"Karen Mansa ne ya faɗa a kwata?"

"Daga ƙasar ƙanƙara yake, Nana!"

"Ya sha hanya." Ta kwance na uku.

Dariya ta fara yawo a fili, har ɗaya daga masu ɗauke da sarki kafaɗarsa na rawa. Bentsil ya san layi na gaba ne zai wanke shi. Ya tattare zane, ya hau kututture, lasifika a hannu.

"Sunansa na tashi sama kamar a trampoline!"

Ya daka tsalle.

Gaskiya ita ce, cikin duk abin da Bentsil ya ƙera a rayuwarsa, wannan ne kaɗai ya yi aiki. Tarun ya lotsa har ƙasa, robobi suka yi ƙara, sannan suka mayar da shi. Ya tashi. Zane ya rabu da shi a hanya ya rataye a kwakwa. Edumpo duka ta ɗaga kai tana kallon mai lasifikarta cikin gajeren wando, yana wutsil-wutsil da ƙafafu, kuma da yake bai saki lasifikar ba, har tashar mota an ji yana kiran uwarsa.

A kan laimar sarki ya sauka. Laima ta rufta, ƙarti huɗu suka yi tangal-tangal, gaba ta yi hagu, baya ta yi dama. Allah ya sa ba su yar da Nana ba. Amma takalminsa na dama ya fice, ya yi sama, ya faɗo daidai gaban Ji-Tsoron-Mutum, wanda mai riƙe da igiyarsa ya saki don ya kama kai. Kare ya dubi takalmi, ya dubi gari, ya cafke, ya bi hanyar teku.

Ganguna suka mutu. Ko ruhu ya bar Maame Efuwa.

"Kada ku sauke shi!" Okyeame Baidoo ya yi ihu yana kaɗa sanda. "Duk wanda ya sauke shi ya sauke sarauta! Ku bi karen nan!"

Haka sarkinmu ya zauna a sama, ba laima, rana na dukansa, ya naɗe ƙafa ɗaya cikin zane kamar mai ciwon yatsa. Ƙartin da ke ƙarƙashinsa wuyansu ya sage, suna zagin Bentsil da kakanninsa a hankali don kada Nana ya ji. Masunta, 'yan coci, 'yan Turai da wayoyinsu, duk suka bi kare, ta cikin murhunan banda, ta ƙarƙashin jiragen da ke gaɓa, ta kan tabarmar kifin mutane. Daga ƙarshe Araba ce ta miƙa masa kan kifi, ya saki takalmin. Aka dawo da shi da sawun haƙori da baƙin mai, aka goge, aka zura wa Nana, sannan ya sauko. Ko kallon Bentsil bai yi ba, kuma a wurin sarki wannan ya fi zagi.

Aka jawo Bentsil daga cikin yagaggiyar laima aka tsayar da shi gaban dattawa, an yafa masa tsumman tebur. Har yanzu lasifikar na hannunsa, ya rungume ta a ƙirji.

"Okyeame, ka isar," ya ce da 'yar murya. "An ce in nuna, na nuna. Ko akwai wanda bai ga tashi sama ba?"

"Mun gani," in ji Nana Otuwa. Ta kwance na huɗu. Sannan ta ɗaga bakin zanenta, kowa ya ga ƙulli ɗaya ya rage. "Ina na biyar ɗin?"

Bentsil ya ƙara ƙanƙame lasifikar.

"Nana, wannan... ba abu ba ne da ake ɗaukowa a hannu."

"Ewurabena, 'yata, mene ne shi?"

Ewurabena ta durƙusa. Ba ta yi dariya ba, kuma hakan ya fi yi wa Bentsil ciwo.

"Nana, in mutum ya kwaso wata cuta, sai a keɓe shi wuri guda, kada ya shiga jama'a har sai an tabbata ba zai shafa wa kowa ba."

Tsohuwa ta juya maganar a ranta. Sannan fuskarta ta washe.

"Ashe Bature ma na da hankali. Ekow, ka wahala, ka kawo huɗu. Wannan kada ka damu, mu za mu kawo maka." Ta juya ga Okyeame. "Zai kawo rago da kwalbar giya na wanke ƙafar Nana, wannan daban. Sannan daga yau har bikin baɗi, ba jana'iza, ba suna, ba taro. Ya zauna gida ya tsaga wa matarsa itace, mu ga ko cutar za ta sake shi."

Ta kwance ƙulli na ƙarshe, ta shafe zanenta.

Sai da Okyeame ya ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin lasifikar ta fita. Bentsil ya bi ta da ido har hannun Ewurabena, ya ga ko hurawa ba ta yi ba, kuma hawaye ya cika masa ido, don da gaske yake son abin nan. Muryarta ta tashi da harshenmu, tana kiran sunayen kakannin Nana, ganguna suka amsa.

Araba ta kama hannunsa suka bi bayan fili, Kwamena na biye yana tambayar wa zai ɗinke masa taru. Da suka zo daidai kantin kan kwana ta tsaya, ta shiga, ta fito da gwangwani ɗaya ta danƙa masa a tafin hannun da ya saba riƙe lasifika.

"Riƙe. Sadin ne," ta ce. "Shi ma iin ne, kuma ba ya cizo."